Tambaya da Amsa: Wace Sana'a Ɗalibai Za Su Yi Ta Amfani Unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce a Pantami, Gombe. An ba ni darasin sana'a, amma yaran hadda kawai suke yi. Me za mu yi da ɗan jari, ya kawo kuɗi kuma unguwa ta amfana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tun 2011 aka sa darussan sana'o'i a manhajar babbar sakandare, sai dai ciniki ba a kan allo ake koyonsa ba. Ku gwada renon dashen itatuwa. Gombe na fama da zaizayar ƙasa, ledojin ruwa kuma sun toshe magudanai, to a ledojin nan za ku yi renon.

Ku fara da leda 200. A yanke bakin kowace, a huda gindinta wuri uku ko huɗu, in ba haka ba ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Haɗin ƙasa: kwano biyu na ƙasar gona, ɗaya na yashi, ɗaya na takin da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi. Zogale kan tsiro cikin mako biyu. Irin dogonyaro kuwa sai sabo, wanda ya daɗe a ajiye ba ya fitowa. A shuka a Afrilu, a ƙarƙashin inuwa, a riƙa ba su ruwa safe da yamma, a sayar idan damina ta kankama. A killace saboda awaki, kuma a tsara masu ban ruwa kafin a tafi hutu, don a nan ne aikin ya fi mutuwa.

Batun kuɗi shi ne ainihin darasin, kuma kada ki riƙe shi a jakarki. Yara su zaɓi ma'aji da magatakarda, a rubuta shiga da fita, a karanta wa aji duk Juma'a. Yaron da ya tsaya gaban abokansa ya bayyana inda naira 500 ta shiga ya san amana fiye da wanda ya haddace ma'anarta. Ban da bashi, ko ga malamai (su ne ma suka fi wuyar biya).

A duk dashe goma, biyu kyauta ne ga masallaci, maƙabarta ko bakin kwari. Ɗaliban da kansu za su je wurin mai unguwa ya nuna musu inda za a dasa, ya kuma ba su sunan wanda zai kula da shi idan rani ya shigo.