Amsa: Shin yawan wiket ne ke nuna gwanin jifa a kurket na T20?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka duba jerin masu tarihin jifa a wasannin T20 (gajeren nau'in kurket) na ƙasa da ƙasa, sai ka tarar da baƙin sunaye a sama, manyan da ka sani suna can ƙasa. Ka kuma tambaya ko wanda ba ya buga komai sai T20 ya cancanci a kira shi cikakken ɗan wasa. Ni dai tun kofin duniya na farko, na 2007 a Afirka ta Kudu, nake bin wasan nan, har littafi nake da shi da nake rubuta abin da ya faru a kowace oba, wato jifa shida a jere daga mai jifa ɗaya. Na kuma taɓa jifa a wani ƙaramin kulob, lokacin da gwiwa ke da lafiya.

Maganar baƙin sunaye ba ta da wuya. Daga 1 ga Janairun 2019 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta sa duk wasan T20 na maza da aka buga tsakanin ƙasashe mambobinta cikin lissafin hukuma, alhali a da ƙasashe ƙalilan ne ke da wannan matsayi. Duba yadda tarihin ya riƙa sauya hannu. Ajantha Mendis na Sri Lanka ya fitar da mutum 6 (wiket 6 ke nan) a kan maki 8 da aka ci masa a wasansu da Zimbabwe a 2012, ya riƙe kambin shekara bakwai, sannan Deepak Chahar na Indiya ya yi 6 a kan 7 da Bangladesh a Nagpur a 2019. A 2021 Peter Aho na Najeriya ya yi 6 a kan 5 da Saliyo. A 2023 Syazrul Idrus na Malesiya ya zama namiji na farko da ya fitar da 7, a kan maki 8, a wasansu da Sin, kuma dukansu sandunan da suke karewa a bayansu ya tarwatsa. Ba raina kowa nake ba, ka jefa ƙwallo daidai kan sanda sau bakwai ba wasan yara ba ne. Amma takarda ba ta faɗin wanda ke tsaye a gabanka riƙe da sandar duka, kuma nan ne duk maganar take.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin na gane shi ne wannan: a T20 mai jifa oba 4 kawai yake da ita, ƙwallo 24 ke nan, kuma ba kowace oba ce daidai da 'yar'uwarta ba. A oba 6 na farko masu tare ƙwallo biyu kaɗai aka yarda su tsaya wajen da'irar da ke tsakiyar fili, don haka kuskure kaɗan ƙwallo ta tafi iyaka. A tsakiya wasa yakan lafa, masu murɗa ƙwallo su samu sarari. Daga oba ta 17 zuwa ta 20 kuwa mai duka ya riga ya sayar da rai, duk abin da ya zo kaiwa zai yi. A nan wiket tana araha, domin mutum zai ɗaga ƙwallo sama a cafke ba tare da ka yi wata dabara ba. Abin da ke tsada shi ne ƙwallon da ta wuce ba a ci ko maki ɗaya ba.

A jikina na koyi wannan. Wata rana kyaftin ya miƙo mini obar ƙarshe, abokan karawa na neman 14. Na fitar da mutum biyu, a takarda ni ne gwanin ranar. Sai dai tsakanin wiket ɗin nan biyu an buga ƙwallona ta tsallake iyaka sau biyu, maki shida-shida, ƙwallon ƙarshe kuma suka ruga suka ci maki biyu. Yaron da ya yi obar da ta gabaci tawa bai fitar da kowa ba, maki 3 kacal ya bayar, kuma babu wanda ya ko tafa masa.

Idan kana son misali daga manya, nemi wasan Sri Lanka da West Indies a Antigua, Maris 2021. Akila Dananjaya na Sri Lanka ya fitar da Evin Lewis da Chris Gayle da Nicholas Pooran a ƙwallo uku a jere. Obarsa ta gaba Kieron Pollard ya buga masa shida sau shida, maki 36 cif. Mutum ɗaya, dare ɗaya, ya shiga littafin tarihi ta ƙofa biyu. Sai ka ajiye wannan kusa da Jasprit Bumrah na Indiya a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2024 a Barbados. Afirka ta Kudu na neman 30 daga ƙwallo 30, abin da ko ɗan koyo zai ce an gama. Bumrah ya karɓi oba ta 16 ya ba da 4, ya dawo ta 18 ya ba da 2 ya kuma fitar da Marco Jansen. Indiya ta ci da tazarar maki 7. A gasar ba shi ne ya fi kowa wiket ba: 15 ya samu, Arshdeep Singh da Fazalhaq Farooqi na da 17 kowannensu. Amma abin da yake bayarwa a kowace oba bai wuce 4.17 ba, kuma shi aka ba gwarzon gasa. Alƙalan ba su yi kuskure ba.

Sai batun 'yan T20 zalla. Na san masu cewa wanda bai sha ranar wasan kwana biyar ba bai san kurket ba, kuma da ina cikinsu. Samuel Badree ne ya sauya mini ra'ayi. Bai taɓa buga wa West Indies wasan kwana biyar ko na yini ɗaya ba, amma da shi suka ɗauki kofin duniya a 2012 da 2016. Mai murɗa ƙwallo ne da ake ba sabuwar ƙwallo tun obar farko, lokacin da fili yake a buɗe, ya riƙa jefa ta da sauri tana nufar sandunan bayan mai duka, ba ya ba mai duka wurin miƙe hannu. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma manyan masu jifa da yawa na wasan kwana biyar ba su iya ta ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tymal Mills na Ingila ciwon baya ne ya hana shi dogon wasa ya koma oba huɗu. Shi kansa Lasith Malinga gwiwa ta sa ya bar wasan kwana biyar a 2011, amma a 2019, yana da shekara 36, ya fitar da 'yan New Zealand huɗu a ƙwallo huɗu a jere a Pallekele da jifar nan tasa da ke sauka kan yatsun ƙafa, ya zama namiji na farko da ya kai wiket 100 a T20 na ƙasa da ƙasa.

Abu ɗaya na yarda da masu sukar: ƙwallo 24 ba ta isa ka ga haƙurin mutum ba, irin wanda zai yi awa guda yana haƙa wa mai duka rami. Wannan sai a dogon wasa. Shi ya sa ba na son a haɗa su a sikeli ɗaya.

Jerin yawan wiket na tsawon rayuwa ma ka riƙe shi da hankali, domin yawan wasannin da ƙasa ke bugawa na taimakawa. Tim Southee na New Zealand ya tsaya a 164, Rashid Khan na Afghanistan ya wuce shi a 2025 da wasanni ƙasa da nasa nesa ba kusa ba. A Rashid kam adadi da ido sun yi daidai.

In za ka kalli wasa na gaba, ɗauki biro ka rubuta abu biyu: wa kyaftin ke miƙa wa ƙwallo a oba ta 17 da ta 19, da kuma ƙwallo nawa kowane mai jifa ya yi ba a ci komai ba. Ka yi haka wasa biyar, sannan ka dawo mu kwatanta da abin da ke littafina.