Jan Goge da Taura Biyar: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wani mai karatu daga Damagaram ya rubuto cewa ya kalli fim ɗin The Red Violin na shekarar 1998, wanda François Girard ɗan Kanada ya ba da umarni, ya kuma ga bakin masana ya rabu a kansa. Tambayarsa biyu ce: ya halatta a kira abin kiɗan nan na fim ɗin, wato violin, goge? Kuma me ya sa wasu jaridu ke kiran masanan "masu suka", alhali da yawansu yabo suka yi?

Malam, ka kira shi goge kanka tsaye. Gaskiya ne gogenmu ƙoƙo ne da aka rufe da fatar damo, tsirkiyarsa ɗaya ta izgar doki, shi kuwa na Turai katako ne mai tsirkiya huɗu. Amma Bahaushe yana raba kayan kiɗa ne ta yadda hannu ke taɓa su. Garaya da gurmi ana kaɗa su da yatsa, goge da ƙanwarsa kukuma kuwa goga musu izga ake yi har su yi kuka. In kana gudun ruɗani, ka ce gogen Turawa.

Tambaya ta biyu ta fi damuna, domin kuskuren ya yaɗu. Suka daga soka take, aikin mashi ne, mai suka aibi kaɗai yake nema. Wanda ya zauna ya auna fim, ya faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza, mai sharhi ne. A jami'o'inmu kuma ana cewa tarke, kamar tarken adabi, kuma ina son kalmar ta fito daga aji ta shiga bakin 'yan jarida.

Dubi abin da ya faru da fim ɗin. Labarin goge ɗaya ne da aka ƙera a Cremona ta Italiya a 1681, maƙerinsa ya gauraya jinin matarsa da ta rasu wurin haihuwa cikin fentin da ya shafa masa. Daga nan gogen ya bi hannu-hannu: maraya a Ostiriya, makaɗi a Ingila, Shanghai a zamanin juyin al'adun Sin, har gidan gwanjo a Montreal inda Samuel L. Jackson ya fito a matsayin mai tantance shi. Kiɗan dai kusan kowa ya sara masa. John Corigliano ya tsara, Joshua Bell ya goga, kiɗan ya ciyo wa Corigliano kyautar Oscar a 2000, fim ɗin kuma ya kwashi kyautar Genie takwas a Kanada. Inda aka rabu shi ne yawan labaran. Wasu suka ce kafin ka saba da mutum an ɗauke shi an kawo wani.

Waɗannan da Hausawa ne, da sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Taura 'ya'yan itace ce mai ƙwallo babba, ɗaya ma cika baki take yi, to ina ga biyar? Ni dai ina tare da ɗaya ɓangaren. Jarumin fim ɗin gogen ne, mutanen baƙi ne da ya sauka a hannunsu, kuma rabuwar da ke yi wa mai kallo zafi ita ce abin da Girard ya so a ji. Amma waɗanda suka ce kayan sun yi yawa sun kawo hujja, don haka sharhi suka yi, kada ka rubuta cewa sun soki fim ɗin.