Tambayi Likita: Baƙin Tabon Fuska da Man Retinol

Wata ɗaliba daga Ringim: Likita, ƙurajen fuskata sun warke amma sun bar mini baƙaƙen tabo. An ce in nemi retinol. Yana magani?

Yana yi, 'yata, sai dai yana son haƙuri. Retinol dangin bitamin A ne, aikinsa ya sa tsohuwar fatar da ta tara baƙi ta saɓe, sabuwa ta fito. Sai an yi wata 2 zuwa 3 ake fara ganin bambanci, wani tabon ma har wata 6. Da dare kaɗai ake shafawa, bayan an wanke fuska ta bushe. Ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ya ishi fuska duka. Ki fara da dare biyu a mako. Idan kin ji raɗaɗi ko fata ta fara tsagewa, musamman da hunturu, ki dakata, domin irin fatarmu in ta ji ciwo duhu take ƙarawa. Da rana ki shafa man kariyar rana wanda aka rubuta SPF 30 a jikinsa, in za ki gona ko ɗibar ruwa ki ɗora malfa. Ki daina matse ƙurajen nan, don Allah.

Wata baiwar Allah daga Ɗambatta: Ina da cikin wata biyar, kumatuna da goshina sun yi baƙi. In shafa?

A'a, 'yar'uwa. Mai juna biyu ba ta amfani da retinol, saboda gudun illa ga jariri. Wannan duhun sauyin jiki ne na ciki, yakan ragu bayan haihuwa. Ki nuna wa ma'aikaciyar awo.

Wani magidanci daga Gumel: Maiɗakina ta shekara biyu tana shafa man haɗi na kasuwa. Da farko ta yi haske, yanzu kumatunta sun ƙone, jijiyoyi sun fito. Retinol zai gyara?

Malam, wannan ta fi damuna. Irin man nan da ake ƙullawa a roba ba suna, sau da yawa akwai magunguna masu ƙarfi irin su haidurokwinon da sitiroyid a ciki, wani har da makuri, wato zaiba, mai taɓa ƙoda. Sitiroyid ne ke sirantar da fata har jijiya ta bayyana. Kada a ɗora retinol a kan fatar da ta riga ta wahala. Ka kai ta wurin likitan fata, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku tafi da robar man a hannu. Kuma ka lallashe ta, ban da faɗa.