Tambaya da Amsa: Gugar zana ta murya, daga rubutu zuwa haɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne a Jidda muke shirya gajeren wasan kwaikwayo na murya kan 'yan siyasar gida Najeriya, muna cusa guntayen jawabansu na kamfen a ciki. Da ji ka san ɗinki ne, kuma ba wanda ya yi dariya. Ina matsalar take? — Mai karatu, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rashin dariyar ya fi damunmu, da shi za mu fara. Abin dariyar yana cikin jerin sautin ne. Ka sako ɗan takara yana rantsuwa cewa an daina ɗauke wuta, ka bar shiru na daƙiƙa ɗaya, sai janareta ya tashi, sai mai shayi ya ce wa yaronsa, "Miƙo ashana." Shi ke nan. A nan masu farawa ke ɓata wasa, su sa wani ya ce "ka ji maƙaryaci", alhali mai sauraro ya riga su ganewa. Matan fada ma a wasan gauta kwaikwayon sarki da fadawansa suke yi, ba sa fassarawa. Kada wasan ya wuce minti 4, muryoyi kuma uku sun isa, domin kunne ba ya ganin fuska.

Sai ɗinkin. Manhajar Audacity ta ɗauka da gyara sauti kyauta ce, ta wadatar. Ku ɗauka a WAV (tsarin fayil ɗin sauti da ba a matse ba), saitin ingancin ɗauka 44.1 kHz, bakin mai magana taƙi ɗaya daga makirfo, a ɗan karkace don kada iskar "f" da "b" ta buge shi. A kashe na'urar sanyaya ɗaki da firiji. Mun san zafin Jidda, sai ku yi bayan asuba. Ɗakin tayil yana amsa kuwwa, a rataya barguna.

Abin da ke tona asiri shi ne shirun da ke bayan kowace murya ba iri ɗaya ba ne. Ku ɗauki shirun ɗakinku na daƙiƙa 30, ku shimfiɗa shi ƙarƙashin wasan gaba ɗaya. Ga wani kuma da ba kowa ke lura ba: wutar Saudiyya 60 Hz ce (wato bugu 60 a daƙiƙa), ta Najeriya 50 Hz, don haka gurnanin lantarki a faifan gida daban yake da naku. Ku tace duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a ɓangarorin biyu. A yanka inda mutum ya ja numfashi, a lafar da bakin yankan da milisakan 10 zuwa 20, in ba haka ba za ku ji "ƙas". Murya kada ta haura -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar, hayaniyar kasuwa ko kiɗa su zauna kamar 18 dB ƙasa da ita. A fitar a MP3 128 kbps, kusan megabait ɗaya kowane minti.

Tambaya: Malam, zan iya tsinto kalmomin gwamna daga jawabai daban-daban in haɗa jimlar da bai faɗa ba? — Mai karatu, Makka

Amsa: A'a, 'yar'uwa, wannan ƙage ne. Da zarar an yanke guntun an tura shi a WhatsApp ba tare da sauran wasan ba, labari zai zama. Ki ɗauki jimlarsa cikakkiya, ki adana asalin faifan da kwanan wata. In maganar ƙirƙira kike so, ki ba ɗan wasa, da sunan sarautar da babu ita, a faɗa tun farko cewa wasa ne.

Ki kuma san inda kike zaune. Sashe na 6 na dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 3, kuma a 2018 ofishin mai gabatar da ƙara ya ce ba'ar da ta taɓa zaman lafiyar jama'a tana ciki. Hukumomin nan da sha'anin addini ki bar su kwata-kwata. Najeriya ma tana da tata dokar ta 2015, an sha gurfanar da 'yan jarida da sashe na 24, don haka ki karanta shi kafin ki tura faifan gida.