Gidan Abinci Ko Hayar Kayan Iyo? Amsa Ga Mai Son Zuba Jari A Bakin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata uku a wani garin bakin teku da baƙi ke zuwa don hawan igiyar ruwa da iyon kallon kifaye da murjani. Na tara ɗan jari, amma zuciyata ta rabu biyu: in kama shago in buɗe gidan abinci, ko in sayi allunan hawan igiya da gilasan iyo masu bututun numfashi in riƙa ba da haya. Abokaina sun ce abinci ya fi, tunda kowa sai ya ci. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin da aka tara.

Abokanka sun yi gaskiya, kowa sai ya ci. Sai dai fa sai mai cin yana garin. Kafin ka taɓa ko sisi, zauna ka ƙirga: wata nawa garin yake cika a shekara? Irin waɗannan garuruwa iska ce ke kawo musu kasuwa, ita ce kuma ke kwashe ta. Dubi Siri Lanka. A Arugam, gabashin tsibirin, ana cin kasuwa ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba, daga nan sai garin ya yi tsit. A Hikkaduwa kuwa, kudu maso yamma, sai Nuwamba zuwa Afrilu. Shi ya sa masu koyar da hawan igiya da yawa suke bin baƙi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mai alluna zai ɗaure kayansa a kan mota ya bi sahu. Mai gidan abinci fa? Haya tana tafiya, kuɗin wuta yana tafiya, mai dafa abincin da ka sha wahala kafin ka samu ko dai ka biya shi yana zaune, ko maƙwabci ya ɗauke shi. Ribar wata shida ce za ta ciyar da wata goma sha biyu, kuma yawancin masu zuga ka watannin cinkoso kawai suke kallo.

Ga kuma asarar yau da gobe. Kifin da bai shige ba yau, jibi na shara ne, balle a ƙasa mai zafi idan firji ya tsaya dare ɗaya. Gilashin iyon da ba a haya ba yau, gobe yana nan a rataye yana jiranka.

Abin da ya fi burge ni a zaɓinka na biyu shi ne kayan biyu ba sa kishi da juna. Ranar da igiya ta tashi, ruwa yakan gurɓace da yashi, mai son kallon kifi ba ya ganin ko tafin hannunsa, ranar masu allo ce. Ranar da teku ya kwanta, masu allo suna zaune suna hamma, iyalai kuma suna neman gilashi da rigar ceto. Ko ta ina rana ta faɗi, akwai abin da zai fita daga shagonka. Amma ka tabbatar wurin murjanin yana kusa. A garuruwa da dama sai an shiga kwale-kwale kafin a kai ruwa mai haske, to a nan sai ka ƙulla yarjejeniya da mai jirgi, a san kason kowa tun kafin a tashi.

Kada ka ɗauka babu ƙaya a hanyar. Gishiri da rana suna cin roba da ƙarfe fiye da yadda kake zato. Ɗan koyo kuma sai ya fasa allo, don haka ka fara da alluna masu laushi, ka karɓi kuɗin jingina, ka ɗauki hoton kowane allo kafin ya fita. Bututun da ya shiga bakin wani sai an wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a gaban mai haya in da hali. Mafi girma duka shi ne rai. Akwai ruwan da ke jan mutum daga gaɓa zuwa tsakiyar teku, ya sha cinye gwanayen iyo. Ka nemi lasisi da inshora, kuma ranar da aka kafa jar tuta, alamar haɗari a teku, ka rufe haya, ko da baƙo zai ninka maka kuɗi.

Sannan batun fili, inda na ga jarin mutane ya fi nutsewa. A ƙasashe da yawa bakin ruwa ba na sayarwa ba ne. A Kosta Rika, dokar 1977 ta ce mita 50 na farko na jama'a ne, mita 150 da ke biye kuma sai da izinin hukuma. A 2018 gwamnatin Filifin ta rufe tsibirin Borakai wata shida cur don gyara, aka rushe gine-ginen da suka matso ruwa. Duk wanda ya nuna maka rumfa a kan yashi ya ce tasa ce, ka ce ya kawo takarda, ka kuma je ofishin hukuma da ƙafarka ka tambaya.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 2020 yawan matafiya tsakanin ƙasashe ya faɗi da sama da kashi 70 cikin ɗari. Saboda haka ni da zan raba jarin uku: kashi biyu na kaya da wuri, ɗaya a ajiye ba a taɓawa.

Sha'awar abincin kuma ba sai ka binne ta ba. Wanda ya fito daga ruwa ƙishi da yunwa ke damunsa, sai ka ajiye ruwan sanyi da 'ya'yan itace. Ka nemi gidan abinci mai tsafta kusa da kai, ka riƙa tura masa baƙi yana ba ka la'ada. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta mutum nawa ka tura kowace rana, har shekara ta zagayo, da watannin cika da na tsit. In ka kawo mini littafin nan baɗi, sai mu zauna mu yi lissafin kicin.