Zarton zayyana: wanne zan saya, kuma me ya sa tsinkena ke yawan karyewa?

Tambayoyin wannan karon duk sun taru a kan inji ɗaya, ƙaramin zarton nan na kan tebur da ake yanka zane-zane da shi a jikin katako, wanda masu sayar da shi ke kira sikirol so. Ni zarton zayyana nake ce masa. Siririn ƙarfen nan mai haƙora da ke hawa da sauka kuma zan riƙa kiransa tsinke, don da ƙyar ya fi tsinken tsintsiya kauri.

Tambaya: Saura mini watanni kaɗan in yi ritaya, ina neman abin da zan riƙa yi da hannuna. Na ga yadda ake yanka sunaye da furanni a katako, abin ya shiga raina. Akwai inji mai inci 16 da ba shi da tsada, akwai mai inci 20 da ya ninka shi kuɗi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, Allah ya kai mu lokacin lafiya. Wannan lambar da ta tsaya maka a rai ita ce abu na ƙarshe da zan duba. Inci 16 ko 20 nisa ne kawai daga tsinken zuwa ginshiƙin baya, wato iyakar faɗin katakon da za ka iya juyawa bai daki jikin injin ba. Inci 16 ya kai kusan santimita 40, kuma yawancin abin da sabon hannu ke yankawa a shekararsa ta farko bai wuce faɗin littafi ba.

Abin da zan fara dubawa shi ne bakin da ke riƙe tsinken. Tsinke iri biyu ne. Akwai mai ɗan fil a gicciye a kowane ƙarshe, wanda ake rataya shi kawai, akwai kuma marar fil, wanda ake matse shi da noti. Mai fil ya fi sauƙin sakawa, shi ya sa injina masu araha suka fi zuwa da shi. Amma ka tuna yadda aikin yake tafiya. Idan za ka cire cikin harafi, sai ka huda ƙaramin rami, ka kwance tsinken, ka zura shi ta ramin, ka sake ɗaurewa, sannan ka yanka. Fil ɗin nan ba ya shiga sai ramin ya kai kusan milimita 5, alhali siririn tsinke marar fil yana wucewa ta ramin milimita ɗaya. Duk zanen da ke da ƙananan idanu, mai fil ba zai yi maka shi ba. Saboda haka kada ka sayi injin da ba ya karɓar marar fil, ko da kyauta ake neman haɗa ka da shi.

Daga nan sai ka lissafa wahalar kwancewa da ɗaurewa. Zane ɗaya mai kyau yana iya ɗaukar rami ɗari ko fiye, kowane rami kuma kwancewa ɗaya ne da ɗaurewa ɗaya. Idan sai ka nemo makulli, ka sunkuya ƙarƙashin farantin da ake ɗora katako a kai kana laluben noti kowane lokaci, kafin wata ya zagayo za ka rufe injin da tsumma. Wannan shi ne ya fi raba mutane da wannan sana'ar, ba rashin basira ba. Ka nemi wanda ake matsewa da yatsu, wanda madaurin tsinkensa yake gaba kusa da hannunka, idan da hali kuma wanda hannunsa na sama ke ɗagawa don ka zura katako ba tare da kokawa ba.

Na uku, jijjiga. Ka ce a kunna maka shi, ka ɗora tafin hannu a kan farantin, a kai shi ƙarshen gudunsa. Sannan ka tsaya ta gaba ka kalli tsinken yana aiki. Idan ka ga layi ɗaya siriri, madalla. Idan ya yi maka faɗi kamar inuwa biyu, yana kaɗawa gefe da gefe, kuma ba za ka taɓa bin layin zane da shi yadda kake so ba. Inji mai nauyi ya fi natsuwa, mai sauƙin nauyi kuma sai ka ɗaure shi da noti a kan benci mai ƙarfi. Ka tabbata kuma ana iya rage gudunsa da ƙara shi. DeWalt DW788, wanda mai inci 20 ne, yana tafiya daga bugu 400 zuwa 1,750 a minti, kuma shi da irin su Hegner na Jamus da Pegas na Suwizalan su ne masu wannan aikin suka fi ambata idan ana maganar natsuwa. A Pegas ma kan injin ne ke karkata idan za a yi yankan kwana, farantin yana nan a shimfiɗe, katako ba ya zame maka.

To, wanne za ka ɗauka? Idan mai inci 16 ɗin ya karɓi tsinke marar fil, ana rage gudunsa, bai cika rawa ba, ka fara da shi, ragowar kuɗin ka sa a tsinkaye masu kyau da fitila. Idan ya faɗi ko ɗaya daga cikin ukun nan, araha ba ta ado, ka yi haƙuri ka tara ka sayi babban. Abu ɗaya kafin ka biya: ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa. Wanda aka ƙera don Amurka bolt 120 yake ci, ƙasashe da yawa kuma 230 suke amfani da shi.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, ina so in riƙa yi wa ɗalibaina wasan haɗa hoto na katako. Maigidana yana da zarton lantarki na hannu. Ba zai wadatar ba?

Amsa: Malama, ba zai yi miki ba. Na hannun nan tsinkensa a gefe ɗaya kawai yake riƙe, yana da faɗi, kuma yana cinye katako da yawa, don haka guntayen ba za su zauna da juna ba. Sannan riƙe ƙaramin guntu kusa da shi haɗari ne. Amma kada ki yi gaggawar sayen inji. Akwai zarton zayyana na hannu, mai dogon baka kamar harafin U, wanda ke amfani da irin wannan siririn tsinken. Da zarton hannu aka fara wannan wasan tun farko: a shekarun 1760 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna taswira a kan katako ya yanka ta bisa iyakokin ƙasashe don koyar da yara. Ki samu filawud mai kaurin milimita 6, ki yanka guda uku ko huɗu da hannu. Idan kin ji har yanzu ranki na so, hannunki ne kawai ya gaji, lokacin sayen inji ya yi. Idan ƙanana ne ɗaliban, ki yi guntayen manya yadda ba za su shiga baki ba, ki goge gefensu da samfefa.

Tambaya: Na sayi injin wata biyu da suka wuce. Tsinke yana karye mini kusan kowane minti biyar, yankan yana karkacewa dama, katakon kuma yana ƙonewa. An sayar mini da marar kyau ne?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya laifin injin ne, kuma kusan kowa ta nan ya bi. Fara da duba haƙoran: su kalle ka, kuma su fuskanci ƙasa. Idan ka juya su sama, katakon zai riƙa tsalle yana dukan farantin. Sai ɗauri. Tsinke mai sako-sako ya fi saurin karyewa fiye da wanda aka tamke. Ka taɓa shi da yatsa kamar tsirkiya, ya ba da ƙara siririya, kuma idan ka tura shi kada ya lanƙwasa fiye da milimita 3.

Babban abin dai shi ne turawa. Sabon hannu yana danna katako kamar zai taimaka wa injin, tsinken ya lanƙwashe baya, ya yi zafi, ya karye. Ka riƙe katakon ƙasa da kyau, ka tura shi a hankali, ka bar haƙoran su ci abinsu.

Karkacewa dama kuwa halin tsinkaye da yawa ne. Yadda ake ƙera su yana barin ɗan kaifi a gefe ɗaya, sai su riƙa ja ta nan. Ba a gyara shi da matsa katako gefe. Ka ɗan karkata katakon, ko ka gusa kujerarka dama kaɗan, har layin ya miƙe a idonka.

Ƙonewa tana nuna tsinken ya dakushe, ko gudun ya yi yawa, ko tsinken ya yi wa katakon ƙanƙanta. Lambobin tsinkayen da aka fi amfani da su suna tashi daga 2/0, mai siririn gaske, zuwa 12. Lamba 3 ta dace da filawud marar kauri, lamba 5 ita ce ta yau da kullum, lamba 7 zuwa 9 kuma na katakon da ya kai santimita 2 ko ya fi. Ka manna salatif mai faɗi, irin wanda ake ganin abu ta cikinsa, a kan zanen kafin ka yanka, yana rage zafi sosai a katako mai tauri. Idan ƙasan aikin yana tsagewa, nemi tsinken da ƴan haƙoransa na ƙasa suka juya sama. Kuma ka daina jin zafin jefar da tsinke. Abu ne mai ƙarewa, shi ya sa ake sayar da shi dozin-dozin, a katako mai tauri ma wani ba ya kai rabin awa.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya nace sai ya koya. In bar shi?

Amsa: Ki bar shi, Hajiya, amma da babba a tsaye kusa da shi. A cikin injinan yankan katako wannan yana cikin masu sauƙin haɗari, sai dai yana yanka yatsa. Kada ya sa yatsunsa a kan layin da tsinken ke bi, ya sa tabarau na kariya, ya naɗe hannun riga, a kuma zare wayar daga wuta duk lokacin da za a canza tsinke. Abin da ya fi damuna shi ne ƙurar, don mai wannan aikin yana zaune ne fuskarsa dab da inda ake yankan. Ya sa takunkumin da aka yi don tace ƙura, a buɗe taga, a juya bututun iskan injin yadda zai hura garin nesa da fuskarsa. Katakon MDF kuwa, wanda garin katako ne da aka matse da gam, kada a ba shi ya koya da shi. Filawud mai milimita 6 da tsinke lamba 3 a gudu kaɗan sun ishe shi farawa, zanen farko kuma ya zama harafin farkon sunansa, a yi shi babba.