Me Ya Sa Piyano Ba Ya Jituwa da Kayan Kiɗan Kambodiya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kiɗa ne. Na saurari wani kiɗa da aka haɗa kayan gargajiyar Kambodiya da na Turawa, sai kunnena ya ji kamar wasu sautuka suna karo da juna. Kuskuren makaɗa ne?

Amsa: Ɗalibi, kunnenka lafiya lau, makaɗan ma ba su yi kuskure ba. Matsalar tana wajen awon sauti. Daga sauti zuwa ninkinsa, piyano ya raba tazarar gida 12, kowane gida senti 100 (senti ma'aunin tazarar sauti ne). Ƙungiyar kiɗan fada ta Kambodiya, wato pinpeat, takan raba tazarar nan gida bakwai kusan daidai wa daida, kimanin senti 171 kowane. Mataki na biyu ke nan ya gaza na piyano da senti 29, na uku kuwa, 343, ya faɗo tsakanin maɓallai biyu. Na huɗu da na biyar ne kawai suka yi kusa da na piyano, bambancin kowanne senti 14.

Gyaran iri biyu ne. Na farko: roneat ek, kayan kiɗan pinpeat mai jerin sanduna 21 na gora ko katako da ake bugawa, ana saita shi da kakin zuma da aka cuɗa da dalma, a manna a ƙarƙashin bakin sandar. Ka ƙara, sauti ya sauka. Ka kankare, ya hau. Sai dai kakin kan ɓamɓare idan an sha duka ko an ajiye a zafi, don haka a duba kowace sanda kafin wasa. Ni na fi son hanya ta biyu: a bar roneat yadda yake, a ajiye piyano, a kawo biyolin da celo, kayan gogen Turawa, domin yatsa na iya zamewa a kan tsirkiya ya sami sautin da ake nema.

Wani kuskuren da masu koyo ke yi shi ne jibga sautuka uku-uku a ƙarƙashin waƙar. A pinpeat kowa hanya ɗaya yake bi, amma da irin takunsa: roneat ek na gudu, roneat thung, ɗan'uwansa mai kaurin sauti, na tsalle-tsalle a ƙasa, sralai, mai kama da algaitarmu har wajen busa ba yanke numfashi, na jan sauti. Ƙananan kuge na chhing su ke riƙe lokaci.

Tambaya: Wa zan saurara?

Amsa: Fara da mai tsara kiɗa Chinary Ung, haifaffen Kambodiya a 1942, wanda ya tafi Amurka a 1964. Bayan ta'asar gwamnatin Khmer Rouge a Kambodiya ta 1975 zuwa 1979, wadda ta hallaka makaɗa da yawa, ya shafe shekaru yana tattara kiɗan ƙasarsa, har ya koyi roneat ek. A 1989 ya ci kyautar Grawemeyer ta tsara kiɗa. Kasa kunne ga yadda yake sa mai celo ya rera da bakinsa yana kuma goga tsirkiya.